Rumbun da Na Gina wa 'Ya'yana a Hawa na Uku

Tun ba a buga mana biza ba nake ɗauke da tsoro guda a ƙirjina. A wani gidan biki a unguwar Aziziyya ta Jidda ne, muna cin shinkafa faranti ɗaya da wata mata, ta ji an ce mijina ya samu aiki a Kanada. Sai ta ajiye cokali ta ce, "Allah ya tsare. Can fa sanyi yake busar da kunnen yaro, a taɓa ya karye kamar biskit." Ban san ko ta taɓa zuwa ba, ban kuma tambaye ta ba. Na dai koma gida na zauna ina ta shafa kunnuwan ɗana Ammar, har ya gaji ya ture hannuna.

Ni haifaffiyar Jidda ce, a wani lungu bayan Bab Makka. Karatuna bai yi nisa ba, allo ne wurin wata malama a unguwarmu. Wannan bokon da nake rubutawa Baban Ammar ne ya koya mini a waya bayan aurenmu, don haka duk wadda ta ga kuskure ta yi haƙuri ta wuce shi.

Yanzu muna hawa na uku, ɗaki biyu da falo, a wani gari da har yau harshena bai iya faɗin sunansa daidai ba. Ammar shekararsa huɗu, ƙanwarsa Lujain biyu. Babansu a ɗakin gwajin jini yake aiki. Cikin duhu yake fita, cikin duhu yake dawowa. Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka, shi ne ya kira ni daga wurin aiki yana ta murna, wai in nuna wa yara. Na leƙa. Ni da ban san ƙanƙara ba sai ta cikin firiza, sai ga ta ta rufe motoci, ta rufe hanya, ta hau kan bishiyoyi ta zauna. Na ja labule.

Labulen nan daga Jidda na taho da shi, mai kauri, ruwan ƙasa, wanda ko tsinken haske ba ya ratsawa. A Jidda duk uwar kirki ta san ƙa'ida: yaro ba ya fita da rana. A rufe taga, a saki labule, a kunna mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ɗaki ya yi sanyi, sai rana ta faɗi a yi wa yara wanka a fita shan iska. Haka aka rene ni, haka kuma na ci gaba da yi a nan ba tare da na tsaya na yi tunani ba. Da safe in rana ta bugi farar ƙasar nan, hasken har ido yake soka, sai in rufe ko'ina. Ammar ya ce, "Mama, waje." In ce, "Sai yamma, habibi." To yamman garin nan ƙarfe huɗu da 'yan mintoci an yi magariba, duhu ya rufe, iska ta fara kuka a jikin taga. Sai in ce, "Sai gobe." Da haka muka yi kwana arba'in da uku yarana ba su taka ƙasa ba, in ban da ranar da babansu ya kai mu rigakafi, daga ƙofa sai mota, daga mota sai ƙofa.

A kwanakin nan ne kakata ta yi ta faɗo mini a rai.

Kaka muke ce mata, in kuma bakinmu ya karkata Larabci mu ce Sitti. Ita ce ta haifi Ummata. Tana yarinya iyayenta suka taho da ita aikin Hajji ta ƙasa, ta Sudan, suka tsallako teku, ba su koma ba. Sana'arta suyar gyaɗa. A saman rufin gidanmu take yi, kusa da tankin ruwa, da murhun gawayi da wani baƙin kasko cike da yashi. Da an idar da sallar magariba za ta tsaya a gindin matakala ta buga sandarta sau biyu, mu kuwa mu huɗu, ni da ƙannena, mu ɗauki tabarma da buhun gyaɗa mu bi ta. Gwiwoyinta sun lalace, kowane hawa sai ta tsaya ta ce, "Ya Rabbi," amma ba ta taɓa fashi ba. Watan sanyin Jidda, wanda yanzu na san wasa ne, iskar teku takan zo da ɗan danshi, mu matsu jikin murhu, gawayi yana tartsatsi, ƙanshin gyaɗa yana tashi, daga ƙasa ana jiyo hon ɗin motoci da masu rufe shaguna.

Ba ta fara tatsuniya yadda na ji wasu suna farawa. Sai ta zuba gyaɗa a yashi, ta juya sau uku, sannan ta ce, "Wa ya hau da kunnensa?"

Mu ce, "Mu!"

"Wa ya baro bakinsa a ƙasa?"

"Mu!"

"Ƙarya kuke, amma ku matso."

Tatsuniyoyinta da yawa, amma wadda muka fi roƙo ita ce ta matar rumbu. Ranar farko da na ji ta sai na ce, "Sitti, esh rumbu?" Ta harare ni ta ce, "Ƙawata, da Hausa za ki tambaye ni, kurar cikin labarin nan ba ta jin Larabci." Sannan ta nuna tankin ruwa da ludayi. "Kin ga wancan? Kamarsa, amma na laka, da hular ciyawa. Hatsi ake zubawa." Shi ya sa har yau in an ce rumbu, farin tankin gidanmu nake gani.

Wai wata mata ce, gidanta shi ne na ƙarshe a gari, daga shi sai daji. Tana da 'ya'ya biyar. Wata kura ta saba zagaya gidan, har wata rana ta ɗauke mata akuya a gaban idonta. Matar ta ce yau akuya, gobe ɗa. Sai ta kwashe hatsin rumbunta, ta saka yaran a ciki, ta kwaɓa laka ta liƙe bakin, ta bar 'yar kafa daidai shigar hannu. Safe da yamma ta zo da tuwo ta tsaya a bakin kafar ta yi waƙa. A nan Kaka take siranta murya, tana buga gefen kasko da ludayi:

Ku miƙo hannu, 'ya'yana,
Tuwo ne, ba kura ba.
Ku janye hannu, 'ya'yana,
Waje ba naku ba ne.

Yara su miƙo hannu ɗaya bayan ɗaya su karɓa. In sun tambaye ta yaya kura take, sai ta ce, "Idonta ja, gashinta a tsaye, bakinta a buɗe take zuwa." Kura kuwa ta yi ta dabara. Ta zo ta kwaikwayi waƙar, muryarta ta yi kauri, yara suka ƙi miƙo hannu. Ta je ta sha zuma ta dawo, ƙudan zuma suka biyo ta. Ta yi haƙa ta ƙarƙashi, matar ta sauke mata taɓarya a gadon baya. Wurin nan muke faɗuwa da dariya, don Kaka takan dafe ƙugu ta yi tafiyar kura a zaune, tana cewa, "Wayyo bayana, ni da na zo gaisuwa!" A ƙarshe kura ta gaji, ta koma daji da ɗingishi.

Daidai nan kullum muryar Umma take hawowa daga ƙasa. "Halas, ya isa haka, an kira isha'i! Yalla, ku sauko. Kun dai ji, wanda ya zauna a ciki kura ba ta ci shi ba."

Na daɗe ina ɗauka ƙarshen labarin ke nan. Kuma ya yi daidai da gidanmu. A lokacin rabin mutanen gidan ba su da iƙama, wato takardar zama. In aka buga ƙofa bugun da ba mu sani ba, Umma takan kashe talabijin, ta ɗora yatsa a baki, mu lafe a bayan kujera har sai takun ya yi nisa. Ba wanda ya koya mana da baki, mun dai taso mun ga ana yi. Ban taɓa jin haushin Umma a kan haka ba. Mun ga maƙwabtan da aka tafi da su da kayan jikinsu kawai.

Sau ɗaya tak na ji sauran. Ina da shekara tara, Umma ta tafi asibiti haihuwar autanmu, ba mai kiran mu daga ƙasa. Da aka kai inda kura ta koma daji, muka fara naɗe tabarma, sai Kaka ta ce, "Ina za ku? Wa ya ce muku na sauke kasko?"

Ta ce kura ta tsufa a daji, haƙoranta suka zube, ta mutu a gindin wata ƙaya, har ƙashinta ya yi fari. Matar ba ta sani ba, don ba ta zuwa ko'ina, kullum tana gindin rumbu da taɓarya. Iska ta motsa kara, ta ce kura ce. Ba ta barci, ba ta kitso, ba ta yanke farce. Shekara ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Rannan aka yi ruwa kwana uku ba ɗaukewa, laka ta jiƙe, rumbu ya zube ta gefe guda. Yara suka rarrafo waje. Wuyansu ya lanƙwashe don sun yi tsawo a wurin da ba tsawo, ƙafafunsu ba su san ƙasa ba, suna kare ido da hannu. Da suka buɗe ido, sai suka ga wani abu ya taso musu da gudu: ido ja, gashi a tsaye, baki a buɗe.

Kaka ta zame ɗankwalinta, ta barbaza furfurarta, ta ware hannu a kanmu. "Sai babban ya ce, 'Kura!' Suka watse cikin daji, wannan gabas, wannan yamma. Ita kuwa tana bin su tana waƙa, tuwo ne, ba kura ba, tuwo ne, ba kura ba."

Ƙannena suka yi ta ƙyalƙyala dariya saboda gashin Kaka. Ni ban yi ba. Na ce, "Sun dawo?"

"Oho. Ni ma a nan aka tsaya mini."

"To ai ita ba ta yi ƙarya ba, Kaka. Akwai kurar."

"Akwai ta mana, ƙawata. Har akuya ta ci." Ta tsame gyaɗa da matsami tana kaɗe yashin. "Sai dai mai gadi ma yakan leƙa ya ga abin da yake gadi a kai, yana nan ko ya tashi." Sannan ta rufe yadda take rufewa kullum: "Na sauke kaskona, kowa ya kwashi nasa da zafi." Ta zuba mana gyaɗa a tafin hannu, muna hurawa muna sauyawa daga hannu zuwa hannu.

Sai da na girma na lura da wani abu. Ita kanta Kaka, a iya sanina, ba ta taɓa wuce bakin lungunmu ba. Takardarta ba ta taɓa gyaruwa ba. Gyaɗar ma wasu ne suke kai mata Bab Makka. Tana jin ƙanshin teku amma rabonta da ganinsa tun Umma tana goye. Matar da ta ratso ƙasashe da ƙafarta, duniyarta ta dawo ɗaki ɗaya da rufin gida. Duk da haka in Umma ta ce yau a bar yara a ƙasa, an ce ana zagaye a unguwa, Kaka takan ce, "Rabi, ba titi zan kai su ba. Amma yaro sai ya ga sama ko sau ɗaya a yini." Ta buga sanda, mu hau.

Ranar kwana na arba'in da huɗu, wajen ƙarfe sha ɗaya, ina wanke-wanke aka buga mana ƙofa. Ban san kowa a ginin ba. Takardunmu lafiya lau suke, suna cikin jaka a saman kabad, amma hannuna da kansa ya kashe famfo. Kafin in juya, na ga Ammar ya kama hannun Lujain ya ja ta bayan kujera, ya ɗora mata yatsa a baki. Ban taɓa koya masa ba. Aka sake bugawa, sannan takun ya sauka.

Na koma kan kwanukana. Can na ji falo ya yi shiru da yawa. Na leƙo. Ammar ya shige tsakanin labule da taga, ƙafafunsa kawai ake gani. Dama sau biyu ina buge masa hannu a kan labulen nan, don gilashin sanyi gare shi kamar ƙarfen firiza. Na taho a hankali, wallahi ba da niyyar duka ba, so nake in ga me yake kallo. Na ɗaga labulen. A ƙasa wasu yara ne uku da jajayen huluna suna jan junansu a kan wani faifan roba, uwarsu na tsaye da kofi a hannu.

Ya juyo ya gan ni. Ya ƙanƙame jikinsa, ya rufe kansa da hannu biyu, ya ce, "Ban fita ba, Mama. Ban fita ba." Sannan ya sulale ta ƙarƙashin hannuna ya gudu ɗaki.

A gilashin na ga kaina. Kwana nawa ban taje kai ba, ido ya faɗa don kullum sai na tashi sau huɗu sau biyar ina taɓa ƙafafunsu ko sun yi sanyi. Na zauna a ƙasa a wurin. Ban yi kuka ba, ƙanshin gyaɗa kawai nake ji a hancina, a gidan da ko ashana ba a ƙyastawa don kada na'urar hayaƙi ta yi ihu.

Na tashi na ce, "Yalla, ku zo, za mu fita."

Shirin ya ci kusan awa guda. Wando uku-uku, riga huɗu-huɗu, rigar sanyin da babansu ya saya tun zuwanmu ko takardar jikinta ba a cire ba. Safar hannu ban san inda na jefa ta ba, sai na saka musu safar ƙafa a hannu. Ina gama ɗaure Lujain ta ce fitsari. Muka kwance, muka sake. Ni kuma na ɗora abaya a kan komai, na zama kamar buhun gawayi.

A hawa na ɗaya wata ƙofa ta buɗe, wata tsohuwa ta leƙo tana dafe da keken tafiya irin na masu ciwon ƙafa. Ta yi sallama da Larabcin Sudan, na ji kamar an watsa mini ruwan ɗumi. Sunanta Hajiya Nafisa.

"Ya binti, ke ce ta hawa na uku? Ni na aika 'yata ta buga muku ƙofa ɗazu. Na ce ko dai ba kowa a gidan nan, ko kuma akwai mara lafiya. Labule a rufe tun farkon sanyi!"

Na ce, "Hajiya, jira nake rana ta yi sanyi in fito da su, sai kuma duhu ya riga ni."

Ta dube ni, ta dubi safar da ke hannun yara, ta yi dariya har da riƙe ƙofa. "Rana ta yi sanyi? Ya salam! Daga ina?"

"Jidda."

"Shi ya sa. 'Yata, nan da azahar ake fita. Ranar da kike rufe wa taga ita kaɗai ce mai tausayinku a garin nan. Ku je, ku je, kafin ta tafi."

Na tura ƙofar waje. Iskar ta shiga hancina, na ji gashin cikinsa ya ƙage. Lujain ta maƙale a wuyana. Ammar kuwa, da na zaci zai ruga, sai ya tsaya a kan dakali, ƙafa a haɗe, ya ɗago kai ya ce, "An yarda?"

Na ce, "An yarda, habibi."

Ya sa ƙafa ɗaya, ta nutse har gwiwa. Ya ciro ta ya duba ramin. Ya sake sawa. Ya ɗebo da safar hannunsa ya lasa, ya ce, "Mama, ba sukari." Yaran nan masu jajayen huluna suka yi masa magana, sai ya dawo ya riƙe abayata, amma idonsa na kansu. Ni kuwa ina ta duban agogon waya. Minti bakwai na ce halas, muka koma sama.

Kwana tara ke nan da yin haka. Ba zan yi muku ƙarya ba, sau uku kawai muka sake fita. Labulen falo na ɗaure shi gefe, na ɗaki har yanzu a sake yake. Hajiya Nafisa ta koma wurin ɗanta a wani gari sai bayan sanyi. Baban Ammar yana cewa, "Ki daure, Sa'adiyya, kowa haka yake yi," amma shi ba ya nan lokacin da nake tsaye a bakin ƙofa da yara biyu a naɗe, ina jin kamar in na buɗe wani abu zai same su kuma laifina ne.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar ta Umma ce, wato a zauna a ciki a tsira. Da na ji ƙarshenta na ɗauka ta wata mahaukaciya ce a bakin daji. Yanzu ina ganin Kaka da Umma take, a gaban idonmu, ta hanyar da 'yarta ba za ta ji ciwo ba, kuma wataƙila da kanta ma take. Sanyin garin nan bai mutu ba, yana nan da haƙoransa, na ga yadda yake fasa leɓe. Amma yana da lokacin da yake lafawa, ni kuwa ban leƙa ba. Tsoron da na taho da shi na wani gari ne, da awoyin wani gari. Abin da ya fi tsaya mini shi ne Ammar har yanzu in ya ji takuna yana kusa da taga, sai ya ɗan ja baya kafin ya tuna an yarda.

Don haka ga roƙona, ga duk wata 'yar'uwa da ta yi renon yara a ƙasar ƙanƙara ta kuma karanta wannan. Ki rubuto mini a ƙasan rubutun nan da Hausa mai sauƙi: minti nawa ɗan shekara biyu zai iya yi a waje, kuma a ina zan taɓa a jikinsa in gane sanyi ya yi masa yawa. In kuma akwai wadda za ta iya, ko ba ta san ni ba, ta riƙa tambayata kullum ƙarfe sha ɗaya na safe, "Sa'adiyya, kun fita?" In na san wata za ta tambaya, zan ji kunyar cewa a'a.